Mai Maganin Sanyi, Ban Yafe Ba

Assalamu alaikum malam mai gabatarwa, barka da aiki. Ni ce Hadiza daga Kafin Dafga. Ku yi haƙuri da maganar, kunya ce ta cuce ni.

Cikina na wata biyar farin ruwa mai ƙarni ya fara zubo mini. Ban gaya wa kowa ba sai mai maganin sanyi na kasuwar Karaye, mai lasifika a kan mota. Ya ba ni ƙullin gari, ya ce, "Hajiya, haɗa da kanwa ki riƙa tsarki har ciki."

A wata na bakwai na haihu. Ɗana ya kwana biyu ya koma, ko suna bai samu ba.

Malamar asibiti ta ce, "Baiwar Allah, wurin nan da kike tsarki yana da ƙwayoyin halitta na kirki masu gadinsa. Kanwa ta ƙarasa su, miyagun suka haura. Faɗan da jikinki ya yi da su ne ya fasa faya."

Allah ya isa! Duk ranar kasuwa zan tsaya gaban motarsa da zanen goyon ɗana, in gaya wa mata. Malam, da laifi a addini?