Baƙon da Ya San Sunan da Inna Ke Kiran Yaya

Assalamu alaikum, Malam mai gabatarwa, Allah shi ƙara lafiya. Sunana Garba, manomi daga Mandera.

Bara, da tsadar abinci ta matsa mana, yayana Umaru ya tafi cin rani Ikko. Shi ne ɗan fari, don haka Inna ba ta faɗin sunansa. Ɗan Fadama take ce masa, kuma iyakar gidanmu sunan ya tsaya.

Ran kasuwar Shagari, kawunmu ya shiga mota da wani baƙo mai fara'a, mai yawan tambaya. Kafin su kai Bodinga, Kawu ya ba shi sunan, da sunan matar Yaya, har da tabon lauje da ke ƙafarsa.

Bayan kwanaki mutumin ya yi sallama ƙofarmu yana hawaye. Ya ce, "Inna, haƙuri za ki yi. Ɗan Fadama ya cika a hannuna." Jin wannan suna, ba wanda ya tambaye shi komai. Muka ba shi sanmu na huɗa, wai asibiti ta riƙe gawa sai an biya kuɗi. Aka yi sadaka, matar Yaya ta shiga takaba.

Da ruwan farko ya sauka, sai ga Yaya da jakarsa, lafiya lau. Inna ta ja da baya, ta ƙi taɓa shi. Har yau in ya yi sallama sai ta ce, "Wa ya aiko ka?"

Jama'a, ku daina ba baƙo labarin gida. Malam, ban damu da san da muka rasa ba. Ku ba ni shawara: ya za mu yi Inna ta yarda ɗanta ne ke cin tuwo a gabanta?