Takardar da ta hana Sabo sayar da sansa

Assalamu alaikum, Malam mai gabatarwa. Alhaji Ɗanladi ne daga Makoda, cike da murna.

Cikin tsadar nan, bas ta bugi akori-kurata a hanyar Bagwai, ina ɗauke da ragon sunan jikata. Direban bas ɗin, Sabo, ya amsa laifi, ya ce, "Baba, zan sayar da san nomana in gyara maka."

Na ce ya miƙo takardar inshorarsa. Ya ce ai ta nuna wa 'yan sanda ce kawai. Da karatuna na ajin yamma na karanta masa ita. Ashe kamfanin inshora ne zai biya gyaran motar da ya buga. Muka haɗa da rahoton 'yan sanda, bayan wata biyu kamfanin ya gyara min motar.

Rago bai ji ciwo ba, an sha suna. A gaishe min da Sabo, na ji san nasa yana can yana huɗa.