Sun Kulle Rawar Griselda

Nidia: Alo, Baba? Ina wuni?

Eusebio: Lafiya lau, 'yata. Ya Bogota, ya sanyin naku?

Nidia: Da godiya. Ya ƙafar? Kana shan maganin kuwa?

Eusebio: Ina sha in na tuna. Ya maigidan naki, ya jikokina?

Nidia: Duk lafiya. Ka ci abinci?

Eusebio: Matar Fulgencio ta miƙo min rogo da kifi ta katanga. Gishiri ya yi yawa, amma ba a kushe kyauta.

Nidia: Baba, kai da ba ka ƙona katinka a banza. Me ya faru?

Eusebio: Ba komai. Uwarki ce ta ƙi fitowa.

Nidia: Wa ya ƙi fitowa? Layin yana yankewa.

Eusebio: Uwarki, Griselda. A allon nan da kika saya min. Kin san tun rasuwarta, in na gama cin abinci sai in buɗe tsohon shirin bikin Barranquilla, inda take rawa da kyandir a hannu. To tun shekaranjiya sai wani akwatin rubutu ke tare ni a allon, wai in rubuta lambar kamfanin da nake biya kuɗin kebul.

Nidia: Wayyo. Mu ma nan haka ne. Tashoshin sun rufe kallon kyauta, sai mai kebul. Ban kawo har tsofaffin shirye-shirye ba.

Eusebio: Har su. Ga shi nawa kebul ɗin an yanke.

Nidia: Ni na sa ka yanke, na sani. Amma ai unguwar gaba ɗaya aka yanke, Baba.

Eusebio: Ban ce laifinki ba ne.

Nidia: To a mayar mana. Ni zan riƙa biya.

Eusebio: Na taka har ofishinsu jiya. Gyaran babur ake yi a wurin yanzu. Mai shagon ya ce da kowa ya yanke, kamfanin ya naɗe wayoyinsa daga kan turaku ya bar garin. Na ɗaga kai na duba, gaskiyarsa. Tsuntsaye ma sun rasa wurin sauka.

Nidia: Maƙwabta fa, ya suke yi?

Eusebio: Kowa da dabararsa. Fulgencio ya haɗa eriya da murfin tukunya, ya ɗaure a jikin gora, yana ta taƙama kamar shi ya ƙera jirgin sama. Tana kamo labarai da ƙwallo. Ya ce zai yi min irinta. Na ce masa eriya abin yau take kamawa, ba ta kamo abin da ya wuce.

Nidia: Akwatin nan fa da ake sayarwa a kasuwa, mai satar tashoshi?

Eusebio: Aski ya saya, na je na zauna ya bincika min. Akwai fina-finan Turkiyya, akwai damben Japan. Babu uwarki.

Nidia: Aski kuma?

Eusebio: Mai aski nake nufi, Anibal. Bakina ne ya tsufa.

Nidia: Ka kira tashar da ke da shirin?

Eusebio: Na kira. Inji ya daɗe yana min kiɗa, sannan wata yarinya mai ladabi ta ɗauka. Na ce mata matata ce a ciki, ta uku daga gefe, ba ni da wani hotonta mai motsi sai wannan. Ta yi min ta'aziyya sosai. Ta ce doka ce daga sama. Sai ta roƙe ni in tsaya a layi in faɗi ko na gamsu da hidimarsu.

Nidia: Ka ce me?

Eusebio: Na ce na gamsu. Kada a kore ta.

Nidia: Baba... ka taɓa ce min in sa maka shi a faifai.

Eusebio: Kika ce intanet ba ya ɓatar da abu. Ai bai ɓatar ba. Tana nan, ƙofa ce aka ja.

Nidia: Zan nemi mai kebul a nan, in je gidansa in ɗauko maka da wayata.

Eusebio: Wa kika sani mai shi?

Nidia: Akwai... surukata ta yanke. A wurin aiki ma... Zan dai nema.

Eusebio: To. Allah ya taimaka. Amma ba wannan ya sa na kira ba. Kin tuna wurin da kyandir ya ɗiga mata a hannu, ta yi dariya ta waigo? Ni take kallo, ina tsaye bayan mai ɗaukar hoton.

Nidia: Na tuna. Kullum sai ka faɗa.

Eusebio: Yau da safe na rufe ido in gan ta. Rigar ta zo, dariyar ta zo. Amma jan furen da ta soke a gashi, na rasa ko kunnen dama ne ko na hagu. Abin da nake kallo kullum, Nidia. Kwana biyu kacal.

Nidia: Dama ne. A'a, tsaya. Da ta waigo, furen ya ɓuya ko ya fito?

Eusebio: Ki yi sauri, matar nan ta cikin waya ta ce katina ya kusa ƙarewa.

Nidia: Ka bari in yi tunani mana. In kyandir ɗin yana dama, to furen...

Eusebio: Ina jin ki, 'yata. Furen yana...

Nidia: Baba? Alo? Baba?