Ƙibar Ramla

Zuwaira: Salamu alaikum. Inna, Zuwaira ce. Kina ji na?

Asibi: Amin, wa alaikumus salam. Sama-sama nake jin ki. Kun wuni lafiya?

Zuwaira: Lafiya lau. Ya ƙafar Baba?

Asibi: Da sauƙi, har ya leƙa gona. Ya yaran? Ya ruwa a Tudun Wada?

Zuwaira: Ruwa ya yi gyara. Inna, dama...

Asibi: Ƙanwarki fa? An ce min Ramla ta yi ɓul-ɓul, fuska kamar faranti. Na ce alhamdu lillahi, bakin matan garinmu Badafi ya mutu.

Zuwaira: Muna asibiti da ita tun jiya.

Asibi: Kuna ina? Ɗaga murya.

Zuwaira: Asibiti. Numfashi ne ya gagare ta. Malamar asibitin ta ɗora ta a sikeli, ta auna tsawonta, ta ce ta shiga sahun masu ƙiba fiye da kima. Sai ta danna ƙwaurinta da babban yatsa, wurin ya lotsa, ya ƙi dawowa.

Asibi: To, ƙiba ai hutu ne.

Zuwaira: Ba tsoka ba ce, Inna, ruwa ne da kitsen ciki. Damtsenta kamar sillen kara. Sun ce ƙoda ta taɓu. Likita ya tambaya ko tana shan ƙwayar nan ta sa ƙiba, sha-ka-fashe. Inna? Kina nan?

Asibi: Ina nan. Ke ba ki ji abin da na ji ba. Da ta yaye yaron nan ta zo biki, ƙashin wuya duk a waje, mata suna ta cewa miji ba ya ciyar da ita, uwa kuma ta zuba ido. A Kwanar Dangora na saya mata. Mai maganin ya rantse na buɗe ciki ne kawai.

Zuwaira: Na faɗa wa malamar nauyinta na lokacin. Ta ce daidai yake da tsawonta. Lafiyarta ƙalau aka ɗora ta a kan ƙwayar, Inna. Abin da ke cin raina ke nan.

Asibi: Mijinta ya sani?

Zuwaira: Sunusi ya tambaye ta jiya, ta ƙi faɗar wanda ya ba ta. Ya tafi neman mota, Kano za mu, wankin ƙoda.

Asibi: Ba ta wayar in nemi gafararta.

Zuwaira: Tun azahar ba ta gane kowa.

Asibi: Kara mata a kunne dai.

Zuwaira: Katina ya kusa ƙarewa. To, ga ta.

Asibi: Ramla? Ramlatu, Innarki ce. Ni ce na cuce ki, ki ya... Alo? Alo?