Bangon Mai Munshari

A wani shagon kayan gini a Bagdadiyya na ji wani matashi yana tambayar wani dattijo.

"Baba, audugar dutse ko ta gilashi, wacce zan cusa a bango?"

"In zafi kake gudu, ta gilashi ta fi araha, sai dai ƙaiƙayi."

"Ba zafi ba ne, ƙara ce."

"Ta titi?"

"Munsharina. Matata ta ce ko in toshe bangon ɗakina, ko ta koma gidansu. Wai jirgin ruwa ta aura."

"To, ta dutse, halas. Ita na saka, ni ma don munsharin."

"Ta yi aiki?"

"Sosai, ɗana. Ranar da tawa matar ta kwashe kayanta, har da firji, ban ji komai ba."