Ruwan Zaƙami Ya Kashe Yayana

Assalamu alaikum, mai gabatar da wanga shiri. Ina gajiya, ina aiki? Sunana Hadiza, daga Faru, ƙasar Maradun.

Yayana Sani manomi ne, kuma tun yana yaro yake fama da ciwon fuka. In numfashi ya sarƙe masa, yakan shaƙi hayaƙin busasshen ganyen zaƙami, ƙirjin ya ɗan buɗe. Da daminar bana ciwon ya tsananta, sai wani abokinsa ya ce masa, "Dafa 'ya'yan ka sha, sun fi ganyen ƙarfi."

Da hantsi ya sha. Kafin azahar bakinsa ya bushe, jikinsa ya yi zafi rau, babu ko ɗigon gumi. Yana ta kame-kamen iska, ya dube ni ya ce, "Baiwar Allah, daga ina?" Muka ɗora shi a babur zuwa asibiti a Talata Mafara, amma bai kai magariba ba. Ya bar mata da 'ya'ya ƙanana.

Likitan ya ce lallai akwai sinadarin magani a zaƙami, amma sai an tace an auna, domin ɗan abin da ya ƙaru guba ne.

Ga damuwata. Kawunmu ma yana da fuka, kuma ya rantse aljanu ne suka taɓa Sani. Jiya na iske ya shanya 'ya'yan zaƙami a bisa rumbu. Na yi magana, ya ce, "Ke yarinya ce, yi shiru."

Don Allah masu sauraro, ku ba ni shawara. Yaya zan yi da dattijon nan? Rediyonsa na kunne, yana jin ku.