Sabon Kanal Ya Raba Mu da Maƙabarta

Assalamu alaikum Malam mai gabatarwa, barka da aiki. Ni ne Sabi'u daga wani ƙauye a yankin Ɗambatta.

An gina mana sabon kanal na siminti, ya haɗe tsohon kanal da kogi. Da ma'aikata suka tambayi inda za a sa gada, duk muka ce hanyar kasuwa. Wallahi ba wanda ya tuna maƙabartarmu tana tsallaken ruwa.

Ranar da Inna ta rasu, sai da muka zagaya da makara ta kasuwa, ana ta ciniki. Baba mai ciwon ƙafa ya kasa tafiyar. A bakin kanal ya zauna, yana hangen ana binne matarsa.

Malam, wa za mu kai wa kukanmu?